ZARE: Kalmar "settle" da abin da take ɓoye mana

1/ Jama'a, yau da kalma ɗaya nake rigima: "settle". "A yi settling ɗinsa." "An yi settling ɗinku?" "Oga bai yi settling ɗinmu ba." Daga tashar motar Talata Mafara har guruf ɗin WhatsApp na 'yan makaranta, ba inda ba ta kutsa ba. Ni kuwa na ce kalmar nan ɓarna take mana. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga abin da nake son tabbatarwa. Bahaushe yana da suna ga kowane kuɗin da ya fita daga hannu zuwa hannu, kuma kowane suna da hukuncinsa a cikinsa. "Settle" ta zo ta kwashe su duka ta zuba a buhu ɗaya ta ɗaure baki. Haƙƙi da ƙwace, lada da cin hanci, duk sun zama 'yan ɗaki ɗaya.

3/ Mu fara da ma'anarta a gidansu. A Turanci asalinta daga zama ne, wato abu ya samu wuri ya natsu. Kamar ka ɗebo ruwan gulbi a bokiti ka ajiye, laka ta kwanta a ƙasa, ruwan sama ya yi garau. Wannan kwanciyar ita ce hoton da ke cikin kalmar.

4/ Daga nan ta shiga harkar kuɗi. Bature in ya ce zai yi "settle" na bashi, nufinsa zai biya abin da ake binsa kaf, a rufe littafi. In mutum biyu masu shari'a suka yi, to sun daidaita a wajen kotu, kowa ya sa hannu, magana ta mutu.

5/ Ku riƙe abu uku da ke cikin wannan ma'anar, don za mu yi awo da su har ƙarshen zaren:
Ɗaya, akwai haƙƙi sananne.
Biyu, an san adadinsa.
Uku, da an biya, magana ta ƙare.
In babu ukun nan, ba a yi abin da kalmar ke nufi ba.

6/ Ko a Najeriya akwai inda ake amfani da ita da gaskiyarta. 'Yan kasuwar Ibo suna ɗaukar yaro ya yi wa ubangidansa hidima a shago shekaru, in wa'adi ya cika a ba shi jari ya buɗe nasa. Wannan suke kira da kalmar. Mu ma muna da shi: ubangida ya yaye yaronsa, ya sallame shi da jari. Haƙƙi ne, an san shi, kuma ya ƙare.

7/ To ina aka samu karkacewa? Ku duba nahawun da kyau. A Turanci bashi ake kwantarwa, ko rigima. Mu kuwa MUTUM muke kwantarwa. Ba ma cewa an yi settling ɗin bashin, sai mu ce an yi settling ɗin wane. Shi mutumin ne matsalar, shi za a ba wani abu ya yi laƙwas.

8/ Wannan salon ba jiya ya fara ba. Zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, 1985 zuwa 1993, 'yan jarida da masu sukar gwamnati suka yayata kalmar, suna nufin rufe bakin mai surutu da muƙami ko kwangila ko kuɗi. Daga shafin jarida ta sauko titi. Mu da aka haifa bayan 2000 mun tarar da ita ta riga ta lalace.

9/ Yanzu ku zo mu leƙa rumbun Hausa. Ka shiga kasuwar Mafara ranar Talata. Ɗan dako ya sauke maka buhun shinkafa, abin da za ka ba shi lada ne. Dillali ya haɗa ka da mai saniya, nasa la'ada. Na tasha ya cika mota, nasa kamasho. Wanda ya yi maka dashen shinkafa a Bakolori, ku da shi jinga kuka yi.

10/ Ba mu gama ba. Ma'aikaci albashi. Abin da ka fara ajiye wa mai aiki kafin ya kama, kafin alƙalami. Yaron da aka aiko da saƙon alheri, tukuici. Mace, sadaki. Wanda aka yi wa ɓarna, diyya. Wanda ya karya doka, tara. Hukuma, haraji. Mai shanu a da, jangali. Mabuƙaci, sadaka ko zakka.

11/ Sai ɗaya ɓangaren, wanda ba a so a faɗa da ƙarfi: cin hanci, rashawa, toshiyar baki, kuɗin fansa, ƙwace. Ku ji yadda "toshiyar baki" take. Kalmar da kanta ta zana maka hoton: akwai bakin da ya kamata ya yi magana, an cusa masa abu. Ba wanda zai ce "na karɓi toshiyar baki" yana murmushi.

12/ Amma "an yi settling ɗina" da dariya ake faɗinta, har da tafawa. A nan gizo ke saƙar. Kalmar ba ta da kunya a jikinta, don ba a cikinta aka yi mana tarbiyya ba. Iyayenmu ba su taɓa yi mana faɗa da ita ba, liman bai taɓa ambatonta a huɗuba ba. Shi ya sa take da daɗin ɗaukar ƙazanta.

13/ Ɓarnarta baki biyu gare ta. Na farko, tana ɗaga ƙwace ya zama kamar haƙƙi. Mai kaki ya tare direba a shingen hanya, takardu sun cika, kaya ba laifi, ya ce "settle us". Mu auna da abu ukun nan. Wane haƙƙi? Babu. Nawa ne? Sai yadda ya ga fuskarka. Ya ƙare? Gobe ma yana nan, kuma gaba kaɗan akwai wani shingen.

14/ Direban nan kuma ba daga aljihunsa yake cirewa ba. A kan kuɗin motarki zai ɗora, 'yar'uwa, da kan buhun albasa da tumatirin da aka ɗauko daga fadama. Duk abin da aka miƙa ta taga, a tukunyar gidanku ake biyansa.

15/ Baki na biyu ya fi ci mini rai: tana sauke haƙƙi ya zama kamar bara. Yaro ya wuni cikin taɓo yana dashe, rana ta faɗi, ya zo yana sosa ƙeya: "Alhaji, a ɗan yi settling ɗinmu mana." Haba! Jingarka ce fa. Guminka ne. Me ya kawo "a ɗan"?

16/ Tsohon da bai yi boko ba, in ya gama aiki cewa yake: "Ba ni haƙƙina, aikin da munka yi jinga na gama shi." Ya miƙe tsaye, ido cikin ido. Mu 'yan boko mun ari kalmar da ta sa mai bin bashi yana magana kamar maroƙi. Wa ya ci gaba a nan, mu ko shi?

17/ In kuna son ganin nauyin kiran kuɗi da sunansa, ku tambayi tsofaffin Maradun labarin Bakolori. An gina madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye gidaje da gonaki, aka tashi dubban mutane daga inda kakanninsu suka zauna.

18/ A ƙasan madatsar, wajen Talata Mafara da Bakura, aka karɓe gonaki don a baje su a haƙa magudanun ban-ruwa. Manoma suka rasa noman damina suna jiran a mayar musu da ƙasa. Itatuwan da ake ci daga gare su aka sare. Mutane suka tashi neman abu ɗaya, sunansa diyya.

19/ Da jira ya yi jira, sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Shehu Kangiwa yana gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. An kashe mutane, an ƙona gidaje. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙansu.

20/ Me ya sa na kawo wannan? Don kalmar diyya tana ɗauke da magana uku: an yi mini ɓarna, akwai mai alhakinta, kuma abin da na rasa yana da ƙima. Mai neman diyya gonarsa yake aunawa, yana ƙirga itatuwansa. Ba ya roƙo, kuma ba a iya ba wani a madadinsa.

21/ Ku ɗauka yau ne, a ce matasa sun fito suna cewa "a yi settling ɗinmu". Kun san yadda za ta ƙare. A kira mutum biyar masu baki, a shiga ɗaki, a fito da ambulan, a ɗauki hoto. An kwantar da mutane, haƙƙin yana nan kwance ba a taɓa shi ba. Kalmar da ka nemi abu da ita, ita ke yanke irin abin da za a ba ka.

22/ Sai maganar da ta fi zafi. 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a sakandaren Kaya, ƙasar Maradun. Duka a shekara ɗaya.

23/ Waɗannan duniya ta ji. Waɗanda ba a ji ba sun fi yawa: manomi a gona, matafiyi a hanya, mata a ƙauye. Iyali su sayar da gona, da shanun huɗa, da babur, a bi dangi gida-gida ana karo-karo. Sai ka ji matashi yana ba da labari: "Ai an yi settling ɗin mutanen, sun sako shi."

24/ A'a, malam. Kuɗin fansa aka biya. Kalmar fansa tsohuwa ce, tun zamanin bauta ake amfani da ita ga kuɗin da ake bayarwa a karɓo wanda aka kama ko a 'yanta bawa. Duk wanda ya furta ta ya san abin da ya faɗa: an mayar da ɗan Adam haja. Ya kamata ta yi ɗaci a baki, don abin da take nufi mai ɗaci ne.

25/ Kar a juya mini magana. Ban ga laifin uban da ya sayar da gonarsa ya karɓo 'yarsa ba, ko kusa. Malamai ma sun bambance wanda aka tilasta ya bayar don ya kuɓutar da haƙƙinsa da wanda ya karɓa, zunubin na mai karɓa ne. Kiran abin da sunan fansa shi ke nuna uban nan zaluntarsa aka yi. "Settle" kuwa tana mayar da shi kamar abokin ciniki.

26/ Haka kuɗin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma. Mutanen ƙauye ba su ɓoye sunansa ba, haraji suke ce masa. Ku tuna a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talaka ya yi murna. Yau ga haraji ya dawo, daga daji, ba rasit.

27/ Shi ma ku auna shi. A biya kafin shuka, a biya kafin girbi, wani ayarin ya zo ya ce shi ba shi aka ba ba. Ina maganar da ta ƙare? Kalmar da asalinta rufe littafi ne, mun liƙa ta a kan biyan da ba shi da shafin ƙarshe.

28/ Mu zo siyasa. Yankin nan namu ya fitar da gwamna uku: Ahmad Sani Yariman Bakura, 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun, 2019 zuwa 2023. Don haka ba wanda zai koya mana yadda kakar zaɓe take. Mun san ta ciki da bai.

29/ Kuma mun san kalmar da ta fi kowace yawo a bakin matasa a lokacin, a kowace jam'iyya. "An yi settling ɗin unguwarku?" Taliya, atamfa, sabulu, 'yan dubbai. Dokar Zaɓe ta 2022 ta kira shi laifi, mai bayarwa da mai karɓa. Hausa ta kira shi sayar da ƙuri'a. Mu muka sa masa riga mai kyau.

30/ A ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin Naira, cikin dalilan da aka bayar har da daƙile biyan fansa. Farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, muka sha layin POS. Shin abin ya tsaya? Ya koma tiransifa da kayan masarufi. An canza takarda, ba a canza abin da ke kanmu ba.

31/ Ga inda lissafin ya fi cutar da mu. A wajen ɗan siyasa kalmar tana da cikakkiyar ma'anarta ta Turanci: ya biya, ya rufe littafi. In ka je bayan shekara biyu kana maganar asibiti ko hanya, a zuciyarsa cewa yake, "Ba na sallame ku ba?" Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

32/ Mu da ke nan dandalin ma ba mu tsira ba. Sojojin baka an san su, an san abin da ake tura musu na data. Amma ku lura da wata sabuwar cuta: duk wanda ya canza ra'ayi, ko ya yi shiru kwana biyu, ko ya yabi aikin da ya ga an yi, sai a ce "an yi settling ɗinsa".

33/ Ba hujja, ba shaida. Da cewa za ka yi "wane ya ci hanci", da ka tsaya ka yi tunani, don ka san ƙazafi ne babba, za a ce kawo shaida. Amma da yake kalmar ba ta da nauyi, sai a jefa ta kamar wasa. A haka muka wayi gari ba mai gaskiya a idonmu, kowa da farashinsa. Al'ummar da ta yarda da haka, wa zai tsaya mata?

34/ Na san abin da wasu za su rubuto. "Harshe ai aro yake." Ƙwarai. Mota, asibiti, makaranta, alƙalami, duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Alat da POS ma ban da rigima da su, sun zo da abin da ba mu da sunansa. Wannan kuwa ba giɓi ta cike ba. Sunaye ashirin ta tarar, ta shafe su.

35/ Wani zai ce, "Hausa ma ai tana da nata lulluɓin: na goro, na shan ruwa, a sallame shi." Gaskiya ne, kuma su ma ban wanke su ba. Sai dai Bahaushe in ya ji "na goro" a ofis ya san an karkatar da kalmar, shi ya sa ake rage murya. Ita wannan da ƙarfi ake faɗinta, har tana sa mutum ya ji shi wayayye ne.

36/ Wani kuma: "Canza kalma zai cire shinge a hanya? Zai kori 'yan bindiga?" Ba zai yi ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma bashi ne a kanta. Amma ba ka iya neman a kawar da abin da ka riga ka sa wa suna mai daɗi. Likita ma sai ya kira cuta da sunanta yake rubuta magani.

37/ Kuma a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a wannan jamhuriyar, tun 1999, kowa ya san matsayin rashawa a addini: mai bayarwa da mai karɓa duk an la'ance su. Mun san hukuncin sarai. Dabarar da muka yi ita ce canza wa abin suna zuwa harshen da hukuncin bai saba zuwa mana a cikinsa ba.

38/ Abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk sanda wani ya ce maka "settle", ka ce ya faɗa da Hausa. Kuɗin mene ne? In lada ne, a biya nan take, kar a ja masa rai. In diyya ce, a auna a biya cikakkiya, ga mai ita. In tara ce, a ba ka rasit.

39/ In kuwa ya buɗe baki ya kasa fassarawa, ya hau murmushi yana "kai ma ai ka gane", to ka gane ɗin. Ko da dole ta sa ka bayar don ka wuce, ka san sunan abin da aka yi maka, kuma in kana ba da labari ka faɗe shi da sunansa.

40/ Ku ajiye mini a ƙasa: wace kalmar biya ake amfani da ita a garinku da ban ambata ba? Mutanen Bakura da Maradun da ƙauyukan Bakolori musamman, ku tambayi tsofaffinku, ku kawo mu tara. Mai ganin na yi tsauri shi ma ya zo da hujjarsa, a yi ta a fili. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.